Kiɗan da Ba Shi da Baki

Ran nan a wajen wani ɗaurin aure na ji ɗaya daga cikinku, ku samarin da kuka shigo sana'ar nan da waya a aljihu, yana cewa wai walimar ma'aikata ita ce aikin banza: ka kunna abu mai sanyi, ka ja kujera, ka jira a kawo maka naka farantin. Ban tanka masa ba, don bakina da goro. Amma tunda yau kun zauna a shagona kuna shan shayina, dole ku ji. Sunana Haladu, a Hadejia Haladu Mai Lasifika aka sani. Kada wanda ya ce min di-je. Dije matar ƙanena ce, tana can Kaugama da 'ya'yanta shida.

A shagon gyaran rediyo na koyi aikin, wajen Malam Idi, Allah ya ji ƙansa. Lokacin na riga na yi aure, na gwada fataucin bandar kifi ya ƙi ni, na dawo ina riƙe masa wayar lantarki. Kayan aikinmu gaba ɗaya amalanke ɗaya ke ɗauka: amfilifaya mai zafi kamar dutsen guga, lasifika biyu da kafinta ya yi wa akwati, rikoda, jakar kaset, da biron juya kaset idan ya sarƙe. Sai ƙaramin janareta da muke kai wa bayan katanga da doguwar waya, don kada hayaƙinsa ya shiga miya. Yanzu duk wannan jakar tana cikin filas ɗin kwamfuta da bai kai ɗan yatsa ba, shi ya sa kuke ganin kun iya.

Aikina na farko walimar malaman wata makaranta ce, bayan ƙaramar Sallah. Malam Idi ya tafi alwala ya bar ni da inji. Ni kuwa da na saba ganin gidan biki, ina ganin an fara zuba abinci na murɗa sauti, ina jiran yabo. Ya dawo hannunsa na ɗigar ruwa, ya rage shi har na ɗauka kashewa zai yi. Ya ce, "Haladu, kana jin cokali?" Na ce wane cokali? Ya ce, "Saurara." Na kasa kunne, sai ga ƙarar cokula a kan faranti, ga maganar mutane ƙasa-ƙasa. Ya ce, "In ba ka jin cokali, to kai ne baƙon da ya cika wa mutane kunne. Ba kai aka zo gani ba." Har yau da wannan nake auna sauti, ba da 'yan fitilun da ke tsalle a jikin inji ba.

Ku fahimci wani abu. Gidan biki kowa da ƙafarsa ya kai kansa. Walimar ofis kuwa, mutum yana zaune da shugabansa, da wanda ya rubuta masa takardar gargaɗi, da wanda aka ɗaga aka bar shi. Shekara guda suna haɗiye juna, yau an ce su ci a tebur ɗaya. In wuri ya yi tsit, kowa zai ji taunar kowa, masinja ba zai iya ce wa direba ko uffan ba don manaja na ji. Kiɗanka shi ne labulen da kowa zai ɗan raɓa a bayansa. Sannan kowane ofis akwai dattijon da ke jan salla, wanda ba ya son kiɗa ko kaɗan. Ba ka ɗora lasifika a kansa. Ka kai ta nesa, ka rage, ka ba shi damar ya yi kamar bai ji ba. Shi ma abin da yake so ke nan, don yana son ya ci kazarsa. Kuma tun ladan bai gyara murya ba ka kashe. Wanda ya bari sai an ɗaga masa hannu an ce ana kiran salla, ba za a sake kiransa aiki ba.

Wata shekara a walimar ma'aikatan wani banki na sa kalangu mai zafi daidai lokacin da aka kawo farfesun kifi. Ban san hannu yana bin kiɗa ba sai ranar. Mutane suka kama kai loma da sauri-sauri, wani akawu mai ƙaton tumbi ƙaya ta tsaya masa a maƙogwaro. Aka yi ta dukan bayansa, aka nemo tuwo aka ba shi ya haɗiya ba tauna, idonsa ya yi jawur. Allah ya taimaka ta wuce. Tun daga ranar, kafin in zaɓi kiɗa sai na leƙa tukunya. Nan garin kifi ne, kuma ƙaya ba ta shiri da gaggawa. In shinkafa da nama ne kana iya ɗan motsa su. In kifi ne, bi su a hankali kamar mai rakiyar tsohuwa.

Amma babbar dokar Malam Idi ba ta cikin inji. Ana gobe walima sai ya tura ni, daga baya ni ma na riƙa tura kaina, in je ofishin in zauna da mai gadi a bakin ƙofa. In ba shi goro, mu yi hira. Wa ya rasu a bana? Wa aka ƙara wa girma, wa aka tsallake? Su wa ba sa ga maciji? Dalili kuwa, waƙoƙinmu ba sa rasa habaici. Wace waƙa za ka ɗauko ba ka ji an ambaci mahassada ko masu baƙin ciki ba? A kasuwa wannan ba komai ba ne. Amma ka sa ta a ofishin da aka yi ƙarin girma makon jiya, sai ka ga rabin ɗaki na kallon ɗaya rabin. Mu a wajenmu ba a jin waƙa a ce ta yi daɗi a tsaya nan, sai an tambaya da wa take. Shekara da shekaru ina bin wannan doka. Sau ɗaya na karya ta, kuma labarin ke nan da na tara ku ku ji.

Shekarar da ruwa ya yi mana ta'adi ce. Kogi ya cika, ciyawar kacala ta toshe masa hanya, ya juyo kanmu. A shagon nan ruwa ya kai gwiwa, ga alamarsa can a bango ban goge ba. Lasifika huɗu gare ni lokacin, biyu suka sha ruwa, takardar cikinsu ta zama kamar jiƙaƙƙen burodi. Kaset-kaset ɗin da na gada wajen Malam Idi duk laka ta cinye. Kwamfutar ce kawai ta tsira, ita ma don matata ta sa ta a tukunya ta ɗora a ka. Bukukuwa aka yi ta ɗagawa. Da ƙarshen shekara ya zo, ofisoshin da na saba yi wa aiki duk suka ce bana babu walima, kuma ban ga laifinsu ba. Wuri ɗaya ne ya kira ni, wani kamfanin noman shinkafa da ke fadama, ta hanyar Baturiya.

Malama Hadiza ce ta zo, ita ce mai kula da jin daɗin ma'aikatansu. Mace ce ba ta da yawan magana. Ta ce, "Malam Haladu, bana ba ma son waƙa mai baki. Gonarmu ta tafi, zukatan mutane ba daɗi. Manaja ya ce ko yaya ne a zauna a ci abinci tare, kada a watse a haka. Ka samo mana abin da zai raka loma kawai." Na ce ranki ya daɗe, an gama. Ana gobe walima, maimakon in hau mashin in je wajen mai gadinsu, sai na zauna ina liƙa takardar lasifika da gam, ina shanya ta a rana. Na ce wa kaina, kiɗan da ba shi da baki wa zai yi wa habaici?

Ga abin da mai gadin zai faɗa min da na je. A kamfanin akwai wani dattijo, Baba Bukar, shi ke kula da jinga, wato tudun ƙasar da aka tare kogi da ita don kada ya shiga gona. Ya fi shekara ashirin a kan wannan aiki. Ranar da jingar ta ɓalle yana wurin. Kwamiti ya zauna, injiniya ya ce ruwan ya fi ƙarfin kowa, aka wanke shi. Amma bakin mutane bai tashi daga zaman ba. Ana ta raɗe-raɗin wai barci yake yi lokacin da ta fara tsagewa. Tun daga nan ya daina cin abincin rana da kowa, ya zo ya yi aikinsa ya tafi, har ya fara maganar ajiye aiki. Wata uku Malama Hadiza tana lallashinsa. Walimar nan ita ce karo na farko da ya yarda zai zauna cikin abokan aikinsa, kuma ita da manaja sun sa rai in ya ci abinci da su ranar, to ya zauna ke nan. Ni duk ban san wannan ba.

Bayan la'asar aka fara, a babban ɗakin da suke tara shinkafa, wanda bana babu ko buhu ɗaya a ciki. Shinkafar tuwon ma sayowa aka yi. Na kafa lasifika a kusurwa, na auna sauti, ina jin cokali. Kiɗa biyu na farko suka wuce lafiya lau. Na uku kiɗan gurmi ne da na taɓa ɗauka da kaina wajen wani tsoho a kasuwar Kaugama. Shi kaɗai ne da gurminsa, ba waƙa, ba amshi, yana kaɗawa a hankali kamar mai jin barci. Na sha sa shi a wurare, ba wanda ya taɓa cewa komai. Da kunnen sana'a na saurare shi, ina neman sanyi, ban taɓa saurarensa da kunnen ɗan gari ba.

Alamar farko daga wajen mata masu rabon abinci ta zo. Ɗaya ta tsayar da ludayi a sama, ta kalli 'yar'uwarta. Sai na ga wani direban tarakta a teburin baya leɓensa na motsi, yana bin gurmin. Na kusa da shi ya zungure shi da gwiwar hannu. Kafin ka ce kwabo idanu sun fara tafiya wuri ɗaya. Na bi idanun, suka kai ni kan wani dogon dattijo mai farin gemu da tsagar Barebari, yana cin tuwonsa a natse, yana gyaɗa kai, yana ɗan buga tebur da yatsa. A daidai nan kalmomin suka faɗo min. Waƙar gaɗa ce ta 'yan matan ƙauyukan fadama, yayyena mata sun sha yin ta a dandali ina ƙarami, ta tsokanar wanda aka bar wa korar tsuntsu a gona: an bar ka tsaro ka shimfiɗa buzu, gona ta tafi kana minshari. Tsohon mai gurmi ya ja ta ne kawai ya sassauta. Duk wanda ya tashi a ƙauyukan nan yana jin maganar ƙarara. Ban san labarin jinga ba, amma ba sai an faɗa min ba, fuskokin mutane sun isa.

Shi kuwa Baba Bukar a bakin Tafkin Chadi ya tashi, da girmansa ya zo ƙasar nan. Hausar kasuwa da ta aiki duk yana ji, amma ina zai san abin da 'yan mata ke rerawa a dandali shekara hamsin da suka wuce? Shi kaɗai ne a ɗakin yake jin kiɗa zalla.

Ba a yanke kiɗa farat ɗaya, yin haka kamar nuna mutum da yatsa ne. Na riƙa janye shi kaɗan-kaɗan, na shigo da wani a kansa. Har na fara sauke numfashi. Sai dattijon ya ɗaga hannu, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Mai kiɗa, wancan na baya fa? Maimaita mana shi, ya yi daɗi."

Wani a baya ya tuntsire da dariya cikin kofinsa. Ba kowa ya yi dariya ba, in faɗi gaskiya, da yawa sunkuyar da kai suka yi. Malama Hadiza tana tsaye riƙe da tire, ta kafe ni da ido. In na maimaita, na yanka shi da hannuna. In na ce a'a, na gwale dattijo a gaban jama'a, kuma zai tambayi dalili. Na miƙe na ce, "Baba, a yi haƙuri, inji ya haɗiye shi, ya ƙi fito da shi." Ya ce, "Ashe injin ma ya san daɗi." Nan fa dariyar da ake dannewa ta ɓalle, har da waɗanda suka sunkuya, don dariya in ta taru ba ta tambayar dalili. Ya waiga dama ya waiga hagu, fuskarsa ta washe, ya taya su. Ya ɗauka barkwancinsa ne ya ba su dariya. Ya ƙara tuwo, ya miƙa wa na kusa da shi kan kifi. A duk shekarun da na yi a sana'ar nan ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokaci ba.

Ina naɗe waya kafin magariba Malama Hadiza ta same ni. Ta ce, "Wa ya sa ka?" Na rantse mata ba kowa. A tsaye a nan ta ba ni labarin jinga daga farko har ƙarshe. Ta ce, "Da ka tambaya, Malam Haladu. Ko ni da ka kunna min a waya da na gane." Na ce ko za a iya rufe bakin mutane? Ta ce, "Mutum sittin? Kafin gobe da azahar wani mai son a ce shi masoyi ne zai kai masa." Haka kuwa aka yi.

Kwana uku ina juya abin, ran na huɗu da hantsi na sayi goro na nemi gidansa. Na same shi a ƙofar gida ƙarƙashin bishiyar maina, yana ɗaure tiyon ban-ruwa da roba. A gefensa kan tabarma akwai tarin makullai a zare ɗaya. Na yi sallama, ya amsa, ya gane ni. Ya sa aka kawo ruwa. Muka gaisa, muka tambayi iyali, muka yi jajen ruwa, duk yadda aka saba. Na fara ba da haƙuri, ya ɗaga min hannu.

Ya ce, "An ce min gurminka magana yake yi. Na tambayi mutum huɗu me ya ce, kowa sai ya ce ya manta. Kai da ka kawo shi, faɗa min."

Na ce, "Baba, shirmen yara mata ne, ba shi da kan gado."

Ya ce, "Ka shigo inuwata, ka sha ruwana. Faɗa min."

Na faɗa masa. Ban rera ba, na faɗa ne kamar mai karanta wasiƙa, idona a kan tabarma. Ya ce in sake. Na sake. Ya maimaita da kansa a hankali, da irin Hausarsu, har zuwa minsharin. Sannan ya tambaye ni ko biyana aka yi. Na ce wallahi tallahi ba wanda ya sa ni, sakacina ne. Ya ce, "Na yarda. Wanda aka biya ba ya biyo mutum gida."

Ya ci gaba da ɗaurin tiyonsa, har na ɗauka maganar ta ƙare. Can sai ya ce, "Kwamiti sun tambaye ni ko na bar wurin. Na ce ban bari ba, kuma gaskiya na faɗa. Ba su tambaye ni ko na yi barci ba." Ya ce, "Na yi. Kwana uku muna cika buhuna da yashi, masu taya ni suna canji, ni ba mai canjina. Rana ta huɗu bayan azahar na zauna a kan buhu in cire ƙaya a ƙafa. Ruwa ne ya tashe ni. Injiniya ya ce ko mutum ɗari ne a tsaye jingar sai ta tafi, kuma na san haka ne. Amma barcin na yi shi. Gurminka bai yi ƙarya ba. Kwana ukun ne bai faɗa ba."

Na roƙe shi. Na ce in ya yarda zan je gaban manaja da ma'aikata duka in ce laifina ne, ban san me nake kunnawa ba. Na ce masa Malama Hadiza ko abinci ba ta iya ci. Ya ce a gaishe ta, ita ta yi iya yinta, Allah ya saka mata. Ya nuna makullan da haɓa, ya ce na kamfani ne, gobe ɗansa zai mayar musu. Na ce, "Haba Baba, saboda waƙar 'yan mata?"

Ya rako ni har bakin hanya inda na ajiye mashin. Ya riƙe min hannu kamar yadda dattawa ke yi, bai saki ba.

Ya ce, "Ba waƙar ba ce, ɗana. Waƙa an yi wa waɗanda suka fi ni. Ranar da na dawo daga walimar, tun daga zaure na ƙwala wa iyalina kira. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, na fasa barin aiki, yau mutanena sun dawo min. Na ce mata har dariya muka yi tare."